Galan Ɗin Wa? Tarihin Awon Taurin Ruwa Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Burtsatsen Barnawa

A ƙarshen daminar bara yayata ta haƙa rijiyar burtsatse a gidanta da ke Barnawa, bayan ta gaji da jiran famfon da ba ya zuwa da kuma cinikin jarka da 'yan ga-ruwa kowace safiya. Murnar ba ta yi nisa ba. Kafin wata biyu fararen rigunan makarantar 'ya'yanta suka fara yin jaja-jaja, bahon wanka kuma ya yi zobe mai launin tsatsa. Sai aka haɗa ta da wani dillalin na'urorin tace ruwa. Ya zo da 'yar na'ura mai kama da biro, ya tsoma ta a kofi, lamba ta fito: 140. Daga nan ya buɗe ɗan littafin da ke zuwa tare da hajarsa, ya nuna mata jadawalin da ya ce duk ruwan da ya haura 10.5 taurinsa ya kai matuƙa. Ina 140, ina 10.5? Hukuncin da ya yanke shi ne ruwan gidan ya ninka haddi sau goma sha uku, kuma babu mafita sai babbar na'urar tausasa ruwa, wadda kuɗinta ya kusa rabin abin da aka kashe wajen haƙa rijiyar.

Wanda ya tsare mata kuɗinta wani dattijo ne maƙwabcinta, da ya yi ƙuruciyarsa a ɗakin gwajin ruwa na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ina zaune lokacin da ta kai masa maganar. Ya saurara har ta kai aya, sannan ya ce, "'Yata, 140 na me? Shi kuma 10.5 ɗin na me? In ya ce miki galan, ki tambaye shi galan ɗin wa." Ya sa aka kai ruwan ɗakin gwaji. Takarda ta dawo da cewa taurin ruwan miligiram 48 ne a kowace lita. Baba ya ɗauki biro ya raba 48 da 17.1 a bayan takardar, ya sami 2.8. Wato a ma'aunin jadawalin dillalin kansa, ruwan bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na 10.5 ba. Abin da ke ɓata tufafin sinadarin ƙarfe ne, kuma maganinsa daban ne.

Ban ɗauki dillalin a matsayin maha'inci ba. Ya gwama lambobi biyu ne da ba su haɗa uwa ba, bai kuma san ya yi hakan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan 17.1 da Baba ya zaro daga ƙwaƙwalwarsa ba tare da duba littafi ba. Da na bi sawunta sai na tarar tana da tarihi na kusan shekara ɗari biyu, kuma wani yanki na tarihin ya ratsa ta nan kudancin Kogin Kaduna.

Abin da ake nufi da tauri

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ruwa suna ya tara. Akwai ruwa mai gardi, akwai na zartsi, wanda mata ke cewa yana cin sabulu, ba ya kumfa, wake kuma ba ya nuna da wuri a cikinsa sai an jefa kanwa. Sai dai kalmar zartsi ta haɗe abubuwa biyu da masana sinadarai suka raba. Na farko ɗanɗanon gishiri, wanda ke zuwa daga jimillar duk abin da ya narke a cikin ruwan. Na biyu shi ne abin da suke kira tauri: yawan sinadarin kalsiyam da magniziyam kawai. Su biyun nan ne ke kama sabulu su mai da shi dusa-dusa maimakon kumfa, su ne kuma ke barin farin ƙanzo a gindin butar shayi idan an daɗe ana tafasa ruwa a cikinta. Kanwar da uwar gida ke jefawa a tukunya tana ɗauke da sinadarin da ke kwantar da kalsiyam, ta kuma sassauta fatar waken. Dabara ce ta kimiyya, ko da ba a kira ta da wannan suna ba.

Ruwa yana samun taurinsa daga dutsen da ya ratsa. Abin mamakin shi ne dutse mai tauri ruwa mai laushi yake bayarwa, dutse mai laushi kuma shi ke taurara ruwa. Kaduna tana zaune a kan tsofaffin duwatsu masu ƙarfi, dangin Dutsen Kufena na Zariya da duwatsun Kajuru, waɗanda ba sa narkewa da sauƙi, shi ya sa galibin ruwan yankin ba shi da tauri sosai. Abin da ya fi damun rijiyoyinmu shi ne ƙarfen da ke cikin jar ƙasa da marmara. A ƙasar Sakkwato kuwa, inda farar ƙasa ta shimfiɗu har ta ciyar da kamfanin siminti na Kalambaina, rijiyar da ta ratsa wannan shimfiɗa takan ba da ruwa mai tauri.

Da yake kalsiyam da magniziyam nauyinsu ba ɗaya ba ne, masana suka amince a riƙa lissafa su duka kamar a ce alli ne. Shi ya sa takardar gwaji ke rubuta CaCO3 a gaban lambar tauri, wato alamar sinadarin alli. Har zuwa nan babu saɓani. Saɓanin ya taso ne kan tambaya ta gaba: alli nawa, a cikin ruwa nawa?

Sabulun Clark da galan biyu

A shekarar 1841 Thomas Clark, farfesan sinadarai a Kwalejin Marischal da ke Aberdeen a Sikotlan, ya yi rajistar hanyoyi biyu da suka ɗauki sunansa. Ɗaya ta rage taurin ruwa ce ta hanyar zuba masa ruwan ƙonanniyar farar ƙasa, wanda ke sa allin da ya narke ya kwanta a ƙasa. Ɗayar kuma ta awo ce. Za a zuba ruwa a kwalba, a riƙa ɗiga masa ruwan sabulun da aka san ƙarfinsa ana girgizawa, har sai kumfa ta tashi ta tsaya minti biyar ba ta mutu ba. Yawan sabulun da ruwan ya lashe kafin ya yarda ya yi kumfa shi ne taurinsa. Abin da matar da ke wanki a bakin rijiya ta sani da hannu, shi Clark ya mayar lamba.

Ya bayyana sakamakonsa da ma'aunan ƙasarsa. Mafi ƙanƙantar ma'aunin nauyi a Ingila shi ne giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ɗaya ne. Giren 7,000 ke yin laba ɗaya, kuma a lissafin yau giren ɗaya miligiram 64.8 ne. Ma'aunin ruwa kuwa galan ne, wanda dokar majalisar Birtaniya ta 1824 ta ƙayyade a matsayin mazubin da zai ci laba 10 na tataccen ruwa. Ke nan galan ɗaya na ruwa giren 70,000 ne. Digirin Clark ɗaya shi ne giren ɗaya na alli a cikin galan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 70,000. Masu gwaji na wancan zamani har wata dabara suka ƙirƙiro: sai su auni mililita 70 na ruwa su ɗauke shi a matsayin ƙaramin galan, domin kowane miligiram da aka samu a cikinsa daidai yake da giren ɗaya a galan na gaskiya.

Matsalar ita ce galan ɗin 1824 sabo ne. Kafin shi Ingila tana da galan fiye da ɗaya, kamar yadda mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka tabbatar a zamanin Sarauniya Anne a farkon ƙarni na 18, shi ne Amurka ta riƙe bayan ta ɓalle daga mulkin Ingila a 1776. Da Ingila ta yi sabon galan, Amurka ba ta bi ta ba. Har gobe galan ɗin Ingila lita 4.546 ne, na Amurka lita 3.785. Na farkon ya fi na biyun da kashi 20 cikin 100.

Daga nan lambar Baba ta fito. Raba 64.8 da 3.785, za ka sami 17.1. Raba shi da 4.546, za ka sami kusan 14.3. Giren ɗin ɗaya ne, sunan mazubin ɗaya ne, amma amsar ta bambanta, domin ƙwaya ɗaya a ƙaramin kwano ta fi ƙarfi a kan ƙwaya ɗaya a babba.

Sauran Turai ba su bi ko ɗaya ba. Faransa, wadda ta kafa tsarin mita da lita a 1795, ta yi nata digirin a tsakiyar ƙarni na 19: miligiram 10 na alli a kowace lita, lissafi mai sauƙi. Jamusawa su ma miligiram 10 suka ɗauka a lita, sai dai ba na alli ba, na ƙonanniyar farar ƙasa. Idan aka ƙona alli mai nauyin 100, abin da ke saura 56 ne. Saboda haka digirin Jamus ɗaya daidai yake da miligiram 17.8 na alli. Ya yi kusa da 17.1 na Amurka, amma kusancin katari ne kawai, babu dangantaka a tsakaninsu.

Yadda suka haɗu a Kakuri

Ruwa da jirgin ƙasa ne suka yi Kaduna. Lugard ya zaɓi wurin ne saboda kogin da ba ya ƙafewa da kuma layin dogon da ya ƙetare shi zuwa Kano, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. A shekarun 1920 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗe da na Legas a tashar Kaduna Junction da ke kudancin kogin. Jiragen wancan lokaci da tururi suke tafiya, kuma babban maƙiyin tukunyar tururi shi ne ƙanzon nan na butar shayi. Idan ya taru a jikin bututu yakan hana zafi isa ga ruwa, a ƙona gawayi da yawa a banza, ƙarfen ya yi zafi fiye da kima har ya kai ga tsagewa. Don haka kafin kowa ya damu da ruwan da talaka ke sha, an riga an damu da ruwan da injin ke sha, kuma da galan na Ingila ake auna shi. Wannan galan ne ya shiga harshenmu. Garwar kananzir mai cin galan 4, wato kusan lita 18, ita ce ta zama ma'aunin masu tallar ruwa shekaru da dama kafin zuwan jarka.

Masana'antu suka biyo dogo. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead and Sons na Lancashire. Mutanen Lancashire sun san darajar ruwa mai laushi fiye da kowa, domin yana cikin abin da ya sa yankinsu ya zama cibiyar saƙar auduga, saɓanin Landan da ke zaune a kan alli, inda taurin ruwa ke haura miligiram 250 a lita. Masaƙa ba ta wasa da ruwa. Ruwa mai tauri yana cinye sabulun wanke yadi, yana dusashe rini ko ya sa launi ya fito dabbare-dabbare, yana kuma toshe tukunyar tururi. Ƙarfe a ruwa ya fi haka sharri ga farin yadi. Matuƙar akoko kawai ake saƙawa abin da sauƙi, amma da aka shiga rini da buga atamfa, ɗakin gwajin ruwa ya zama wajibi.

Cikin shekara ashirin da 'yan kai, wannan ɗan yanki ya tara baƙi daga sassan duniya. Nortex ta zo a farkon shekarun 1960. Kamfanin UNTL na attajirin Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafu a 1964, Arewa Textiles ta Japanawa ta biyo baya a tsakiyar shekarun nan. A 1964 aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. A 1975 Faransawa suka fara harhaɗa motar Peugeot. A 1980 aka buɗe matatar man Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, can kudu da gari. Dukansu masu buƙatar tururi ne ko ruwan sanyaya inji ko ruwan wanki, kuma injin ba ya zuwa shi kaɗai, da littafinsa yake zuwa, littafin kuma da ma'aunin ƙasar da ta buga shi.

Baba ya ce a zamaninsu an riga an daina girgiza sabulu. Hanyar da Gerold Schwarzenbach ya fito da ita a Zurich a shekarun 1940 ita ake bi: a zuba wa ruwan wani launi ya koma ja, a riƙa ɗiga masa sinadarin EDTA har ya rikiɗe ya zama shuɗi, a karanta abin da ya sha. Gwajin bai wuce minti biyar ba. Wahalar tana wajen rubuta sakamako, domin littafin tukunya da nasa digirin, takardar mai sayar da rini da nata, na'urar tausasa ruwa da nata. Ya ce kowane ma'aikacin ɗakin yana da ɗan kati a aljihun gaba, kuma darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne kada ya taɓa rubuta lamba tsirara.

Dokar da ba ta kashe galan ba

Farkon shekarun 1970 lokaci ne da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta riƙa sauke kayan gadon Ingila ɗaya bayan ɗaya. Ranar 2 ga Afrilu 1972 motoci suka koma tuƙi a hannun dama. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A 1974 aka yi dokar awo da ma'auni da ta ɗora ƙasar kan mita da lita da kilogiram. Tun 1971 kuma an kafa hukumar kula da ingancin kayayyaki, wadda a yau ake kira SON.

Ga mai gwajin ruwa wannan sauyi rahama ne. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilogiram ɗaya ne, kilogiram kuma miligiram miliyan ne. Ke nan miligiram ɗaya a lita shi ne kashi ɗaya cikin miliyan, abin da ake taƙaitawa da ppm. Babu sauran 70,000, babu tambayar galan ɗin wa. A kan wannan tsari aka rubuta ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007, wadda ta sa iyakar tauri a miligiram 150 a lita, jimillar narkakkun abubuwa 500, ƙarfe 0.3.

Amma doka tana iya sauya hannun tuƙi a rana ɗaya, ba ta iya sauya littafin injin da aka sayo daga waje. Amurka ba ta bar galan ɗinta ba, kuma ita ce babbar kasuwar na'urorin tausasa ruwa na gida, don haka har waɗanda ake ƙerawa a Sin da yawansu da giren suke magana. Injin wanki da kayan gwajin ruwan kifi na Jamus da digirin Jamus suke zuwa. Takardar gwajin da aka rubuta da Faransanci, irin wadda ɗan'uwanmu na Maraɗi zai iya riƙowa, sau da yawa da digirin Faransa take. Mu kanmu mun ƙara namu: abin da mai sayar da fetur a bakin titi ke kira galan roba ce ta lita 4 ko 5, ba ta Ingila ba, ba ta Amurka ba.

Katin aljihu

Ga abin da ke katin Baba, kamar yadda ya sake rubuta mana shi. Domin mayar da kowane ma'auni zuwa miligiram na alli a lita:

- Digirin Clark na Ingila, mai alamar °e: a ninka da 14.3.
- Giren a galan na Amurka, mai alamar gpg: a ninka da 17.1.
- Digirin Jamus, mai alamar °dH: a ninka da 17.8.
- Digirin Faransa, mai alamar °f: a ninka da 10.
- Ma'aunin masana mai alamar mmol/L: a ninka da 100. Idan meq/L ne, da 50.

Mai son komawa ɗaya ɓangaren sai ya raba maimakon ninkawa. Ruwan yayata mai miligiram 48 shi ne 3.4 a Ingila, 2.8 a Amurka, 2.7 a Jamus, 4.8 a Faransa. Ruwa ɗaya, lamba biyar, duk gaskiya.

A juya misalin ta wata fuskar. Ɗauki 10.5 ɗin nan na jadawalin dillali. In na Faransa ne, miligiram 105 ke nan. In na Clark ne, 150, daidai iyakar ƙa'idar Nijeriya. In na Amurka ne, 180, inda rabe-raben da aka fi amfani da shi ke fara kiran ruwa mai tsananin tauri. In na Jamus ne, 187. A wannan rabe-raben, daga 0 zuwa 60 ruwa mai laushi ne, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai tauri.

Idan takarda ko gorar ruwa ba ta ba da tauri ba, sai kalsiyam da magniziyam kowanne daban, a ninka na farko da 2.5, na biyu da 4.1, a haɗa. Kalsiyam 12 da magniziyam 4.4 za su ba da 30 da 18, jimilla 48.

Saura 'yar na'ura mai kama da biro. Ita sam ba tauri take aunawa ba. Tana duba yadda lantarki ke ratsa ruwan ne, ta ƙiyasta jimillar duk abin da ya narke a ciki, har da gishirin da ba ruwansa da sabulu. Lambarta da ppm take fitowa, shi ya sa ake rikita ta da ta tauri. Hujja mafi sauƙi ita ce a gwada ruwan da ya fito daga na'urar tausasawa: taurinsa ya tafi, amma biron zai nuna kusan lambar da ya nuna da farko, domin na'urar musanya kalsiyam take yi da sodiyam, ba kwashe komai take yi ba.

Kuskuren yana da farashi ko ga wanda ya sayi na'urar bisa buƙata ta gaskiya. Idan aka rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar giren 32,000, ma'anarsa za ta kama kusan kilogiram 2 na alli kafin ta nemi a wanke ta da ruwan gishiri. Da ruwa mai miligiram 48, lita dubu 43 ke nan. Amma in ta nemi a shigar mata da tauri a ma'aunin giren, mai gida ya danna 48 a inda ya kamata ya danna 3, za ta riƙa wanke kanta kusan sau goma sha shida fiye da kima, buhunan gishiri da ruwa da man janareta suna tafiya a banza. Mai otal, mai gidan wanki da guga, mai kamfanin ruwan leda, duk suna iya yin wannan asara shekara guda ba su gane ta ina kuɗi ke zurarewa ba.

Bayan an kashe injuna

Kaduna Textiles ta rufe a 2002. UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Sauran ma suka bi, Kakuri da Makera suka yi tsit. An yi rubutu mai yawa kan dubban ma'aikatan da suka rasa abin yi, da 'yan fanshon da suka mutu suna jiran haƙƙinsu, da manoman audugar Funtuwa da Gusau da suka rasa masaya. Ba a cika ambaton wata asarar ba: ilimin da ya watse. Masaƙun nan, duk da dattin rinin da suka daɗe suna turawa kogi ta magudanun Kakuri da Makera, makarantu ne da suka horar da mutanen da ke auna ruwa kowace safiya suna rubutawa da ma'auninsa.

Abin ya zo daidai da lokacin da ruwan famfo ya gaza bin bunƙasar gari. Daga Barnawa zuwa Narayi, daga Sabon Tasha zuwa Gonin Gora, duk mai hali ya haƙa tasa rijiyar. Kowane gida ya zama hukumar ruwa ta kansa, ba tare da ɗakin gwaji ba. A da ruwa ɗaya ne daga matata, masani ɗaya yana duba shi a madadin dubbai. Yanzu rijiyoyi dubbai ne, mai duba su kuma sau da yawa shi ne mai sayar da maganin.

Tauri shi ne mafi sauƙin wannan al'amari, domin aljihu yake taɓawa, ba jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sa masa iyaka ta fuskar lafiya ba. Amma irin wannan ruɗani yana nan a inda rai ke ciki. Sinadarin naitiret, wanda ke tsiyayowa cikin rijiya daga masai da ramin bahaya da takin zamani, yana iya hana jinin jariri ɗaukar iska idan aka dama masa madara da ruwan. Iyakarsa a Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 50 ne a lita. A Amurka 10 ne. Ba wai Amurkawa sun fi tsanantawa sau biyar ba ne: su naitirojin ɗin da ke cikin sinadarin kawai suke ƙirgawa, kuma sai an ninka lambarsu da 4.4 take zama tamu. Idan kayan gwajin ɗan Amurka ne ya nuna 20, mai karantawa ya duba jadawalin Nijeriya ya ga 50, zai ce lafiya lau, alhali ainihin lambar 88 ce. Haka dalma: iyakarta miligiram 0.01, wato maikirogiram 10, kuma tsakanin mg da µg harafi ɗaya ne a takarda, ninki dubu a jiki.

Mu 'yan jarida muna da namu kason laifin. Sau nawa muka rubuta cewa gwaji ya nuna ruwan unguwa kaza "ya kai 300" muka wuce, ba mu ce 300 na me ba? Lamba irin wannan jita-jita ce da ta sa rigar kimiyya. Tambayoyin da ya kamata mai karatu ya yi wa duk wanda ya miƙo masa lamba uku ne, kuma ba sa buƙatar digiri: me aka auna, da wane ma'auni, kuma a matsayin me aka lissafa shi? Wanda ya kasa amsa su bai kai ga ba da shawarar sayen komai ba.

Yayata ba ta sayi na'urar ba. An yi mata tankin da ruwa ke faɗowa cikinsa daga sama yana shan iska, ƙarfen ya zama tsatsa ya kwanta, sannan ya bi ta matatar yashi. Rigunan yara sun koma farare. Katin Baba yana manne a bangon ɗakin janareta, cikin leda. Ranar da muka je yi masa godiya bai bari mun gama ba, ya tambayi taku nawa ne tsakanin rijiyar da ramin bahayan gidan baya. Da aka gaya masa, ya yi shiru kaɗan, ya ce a koma ɗakin gwaji bayan ruwan sama na farko a auna naitiret, kuma a tabbata sun rubuta a matsayin me.